Kaskon Mode Mai Balangu

Duk wanda yat taɓa cin kasuwar Goronyo ya san Mode mai balangu. In bai san sunanai ba, ya san hayaƙinai. Gajere na, ga tumbi awa wanda yah haɗiye tulu, ga hula guda da maiƙo yac cinye tun shekarar da anka fara ginin dam. Mu maƙwabta mukan ce in anka matse hular nan, Sauda matatai ta samu man miyar sati. Shi ko sai shi ce, "Ku matsa mana, ɗiyan hassada, ku ma ku lasa."

Abin da yar raba shi da sauran masu gashi, kasko. Kaskon yumɓu na, faffaɗa, ya yi faifai biyu, an yi mishi huji-huji. A ɗora bisa murhu, a jera nama, zafi shi bi ta hujin a hankali har nama shi nuna cikin mainai. Ubanai yab bar mishi shi, tare da wurin zama gindin tsamiya, daidai inda masu albasa ka sauke kaya. Babu wuri irinai duk kasuwa. Lawwali, mai gashi can kusa da juji, ya daɗe shina kallon wurin. Shi bisa raga shika gashi, wadda anka yanko daga tsohon gadon ƙarfe. Kullum Mode sai ya tsokane shi: "Lawwali, yau ma bisa gado naman yak kwana?"

Wata ranar kasuwa motar albasa tay yo baya-baya, tat ture murhu. Kasko yaf faɗi, yar rabu gida bakwai. Direba yas sauko shina ba da haƙuri. Mode bai ko dube shi ba. Yad durƙusa shina tsintar gutsattsarin shina zubawa cikin riga, suna ƙona mishi ciki bai ji ba.

To, mahauta suna da ƙa'idarsu: wanda yay yi kasuwa uku bai sayar da nama ba, wurinai ya zama na wani. Sarkin fawa yaz zo yai mishi jaje, kuma yat tuna mishi. "Ba ni ni aje ta ba, Mode. Ubanka ma ya san ta."

Cikin satin Atiku magini, wanda ka gyaran magudanan ruwa na gonakin rani, yal leƙo gidan. Yad dubi gutsattsarin yac ce, "Wanga ɗan abu? Siminti ya riƙe ruwan gulbi guda, balle kasko." Mode ya ji maganar ta zauna mishi. Sunka liƙe manyan ɓallin huɗu da siminti, sunka bar ƙanana uku da sunka ƙi haɗuwa. Kasko yaf fito awa fuskar wanda anka yi wa ɗinki asibiti.

Kasuwa ta farko, wuta na kamawa, siminti yaf fara harbi. Tas! Tas! Mutane sunka watse, wani Bafillace yab bar sandatai. Nama duk yac cika da tsakuwa. Lawwali daga can juji yaɗ ɗaga murya: "Mode, yaƙi anka fara ba a gaya muna ba?" Ranar Mode bai rama ba, nan munka san abin ya kai mishi.

Washegari yah hau mota zuwa Lahodu, wurin Gwaggo Maiturare, tsohuwar da tag gina kaskon tun tana da haƙora. Can take zaune gidan ɗanta tun da ruwan dam yac ci ƙauyensu. Yag gaishe ta, yak kwance ƙunshi. Ta daɗe tana shafa ɓallin da hannu, don idon ya yi nisa.

"Wa yas sa ma ƙasata siminti?"

"Ni na, Gwaggo."

"Ubanka jaki na, amma bai kai ka ba."

"Na ji. A gina min wani."

"Da mi? Ramin da muka ɗibar yumɓun nan shina ƙarƙashin dam, kifi ka kwana ciki. Ƙasar can kaɗai ka jure wuta kullum. Ƙasar nan rairayi ta, ta fadama ko ta ga wuta ta tsage. Da ka kawo min ɓallin duka da tsabtarsu, da na dake su na gauraya da ta fadama, su riƙe ta. Waɗanda siminti yat taɓa sun mutu. Ukun ga ƙanana, sai dai ɗan kasko, rabin wancan."

"Ko rabin na, Gwaggo."

"Kuma wata guda shika shan inuwa kafin a gasa shi."

"Kasuwa biyu tar rage min."

"Ai ƙasa ba ta san ranar kasuwa ba, ɗan nan."

Ta gina shi dai, kwana biyu tana yi. Kafin nan Mode ya je bakin dam, ya roƙi Isa masunci shi nutse mishi daidai inda ramin yake. Isa yat tuƙa jirgi, Mode na nuni da hannu: nan na, a'a, can na, kusa da inda kuka take. Babu kuka, babu ƙauye, ruwa na ko'ina iri guda. Isa yan nutse sau uku, yaf fito da baƙin taɓo mai wari. Yac ce, "Baba Mode, in garin ma kaka nema, ban gane shi ba."

Kasuwa ta biyu Mode ya je ya zauna gindin tsamiya hannu wofi, don kar a ce ya bari. Masu albasa suna wucewa suna gaishe shi, sannan su zarce juji. Ya ga sun koma suna sakace.

Kwana goma da ginin kasko yak koma Lahodu yac ce a ba shi. Gwaggo tac ce, "Ɗanye na." Yac ce ya sani. Tac ce, "To ɗauki, amma kar ka ce ni nig gina shi." Yak kawo shi gida naɗe cikin zanen Sauda, yah hau da shi bisa soro yas shanya cikin rana tsaka. Sauda ta yi magana.

"Malam, inuwa tac ce."

"Inuwar za ta ci da ke?"

Tak koma ɗaki. Ana gobe kasuwa yat tara kara da kashin shanu bayan gida yag gasa shi da kainai. Yaf fito ja, lafiya lau ga ido. Mode yaƙ ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, yadda masu tukwane ka yi. Mai kyau ƙara shika yi, rau. Wanga yay yi ɓus, awa an bugi kabewa. Ya ji. Sauda ma ta ji daga bakin ɗaki. 

Kasuwa ta uku ya riga kowa zuwa. Yah hura wuta, yaɗ ɗora kasko, yaj jera nama. Mutane sunka taru, har da waɗanda ba su da niyyar saye. Ƙamshi ya fara tashi, irin na da, har wani tsoho yac ce, "Alhamdu lillahi." Sai tsaga tat taso daga huji guda, tab bi na biyu, tab bi na uku, a hankali, kowa na kallo. Kasko yab buɗe tsaka, nama yaz zube cikin toka.

Lawwali na yaz zo, kuma ba da tsiya ba. Ragatai yaɗ ɗauko da zafinta yac ce, "Baba Mode, aza bisa wagga. Ko tsoka guda kas sayar, wurinka na nan."

Mode yak karɓa, yaɗ ɗora, yaj jera sauran naman. Shekara talatin hannunai ya saba da wutar da ka jira. Ta ƙarfe ba ta jiran kowa. Kafin shi juya, waje ya yi gawayi, ciki na jini. Wani mai albasa yam miƙo hannu don tausayi, yac ce a yanka mishi. Mode yad dube shi yac ce, "Ba ni sayar ma da wanga. Kai da kat taɓa cin naman ubana." Yaɗ ɗebo ruwa buta yak kashe wutar da hannunai.

Yanzu Lawwali na gindin tsamiya. Mode ko shina gonar albasar wani, shina buɗe ma ruwa hanya da fartanya daga fage zuwa fage, ruwan nan dai da yak kwanta bisa yumɓunsu. Tumbin ya tafi. Hular na nan, amma rana ta shanye maiƙon, mun bar zancen miya. Rannan na ce mishi ko don tsokana shi leƙa kasuwa shi tambayi Lawwali lafiyar gado. Yaɗ ɗan yi murmushi, yac ce ruwa na jiran shi, yas saɓa fartanya.