Gaisuwar Gwaggo a Kan Taswira

Shekarar da na gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, wani kamfani na ƙasar waje ya ba ni aron na'urar GPS ta hannu, 'yar ƙarama mai ƙahon roba. Duk sabuwar manhajar da suka rubuta mata, kafin su sake ta ga jama'a, sai in ɗora, in yi yawo da ita, in gaya musu inda ta yi tuntuɓe. Wanda ya daɗe bai gano komai ba, mayar da na'urar yake yi. Ni kuwa na daɗe.

Sauran masu gwajin duwatsu suke hawa, suna ratsa dazuzzuka. Ni unguwar Adjamé kawai gare ni, sai woro-woro, tasin haɗaka da ke tsallaka gada zuwa Treichville. Ina son shuɗin zaren da na'urar ke ja a bayana a kan allonta. A kan gada nakan kalle shi yana miƙewa bisa ruwa, in ji kamar ni ce allurar da ke ɗinke garin.

Wata safiya na raka Gwaggo, yayar babana, sayen atamfa a kasuwar Treichville. Gwaggo ba ta wuce mutum. Sai ta tambayi gajiya, gida, yara, labarin Nijar, ta yi taku biyu, ta komo saboda ta manta ba ta tambayi jikin surukar mai shago ba. Da muka dawo na duba, sai na ga miƙaƙƙen layi daga wannan ƙofar kasuwa zuwa waccan. An koya wa sabuwar manhajar cewa duk ɗigon da ke kai da komo a wuri guda rawar sigina ce, ta share shi. Ta share mana safiyar gaba ɗaya.

Na aika wa mutanen kamfanin. Suka amsa cikin ladabi cewa rufin kasuwa ne ya tare tauraron ɗan adam, suka kuma tuna mini lokacin mayar da na'ura ya matso.

Ina buƙatar sarari, inda ba rufi. Na roƙi Gwaggo mu je tashar Adjamé.

"Wato yanzu gaisuwar tawa ce ta zama aikin ofis?"

"Ki dai yi yadda kika saba, Gwaggo."

"Ɗiyata, ke da ko sannu sai an matso ta daga bakinki, ke za ki auna tawa?"

Duk da haka ta yafa mayafi. Na kunna na'urar, na kunna wayata ita ma ta riƙa zana hanya don shaida. Amma da yake Gwaggo ta san ana kallonta, sai ta miƙe wuya tana tafiya kamar mai zuwa kotu, tana jefa wa masu dako da 'yan kamasho gaisuwa a tsaitsaye. Zaren ya fito lafiya lau. Har na fara tunanin kwalin da zan mayar da na'urar a ciki.

Sai ga wata tsohuwa tana saukowa daga motar arewa, rungume da ƙullin kilishi. Tare suka yi makarantar allo da Gwaggo. Nan Gwaggo ta manta da ni. Suka riƙe hannu, suka saki, suka rabu, suka komo. Aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, aka yi wa masu rai tsiya. Ina tsaye a rana, sigina cike, ina kallon zaren yana ɓacewa, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Na tura wa mutanen kamfanin zanen biyu gefe da gefe. Wannan karon tambayoyi suka yi ta yi, har wani ya ce me ke sa mutum tafiya haka. Na rubuta masa cewa gaisuwa ce.

Da gyararriyar manhajar ta iso, ta zo da saƙon in ci gaba da riƙe na'urar. Muka koma Treichville. A kan allon, kowane shago da ɗan ƙullinsa na shuɗin zare, kamar adon wuyan riga. Gwaggo ta nisanta na'urar da idonta, ta sa yatsa a kan ƙullin da ya fi girma, ta ce wannan wajen mai leshi ne.

"Kuma ranar nan gajarta mata na yi," in ji ta.