Kawu da Gem ɗin Tirela

Duk ƙarshen shekara samarin da ke zuwa shagona na buga gem a talabijin sukan yi zaɓen gem ɗin da ya fi kowanne daɗi a shekarar. Ba ni na ƙirƙiro abin ba, su suka fara, da musu da hayaniya har maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo ya ce a ji tsoron Allah. Masu ƙwallo su ja, masu harbi su ja, a ɗaga hannu. Wanda ya ci sai a sa shi a babban talabijin na bango, gwaninsa ya buga kowa na kallo. Shekarar da ta wuce gem ɗin tuƙin tirela ne ya ci, gem ɗin da babu harbi babu gudu, sai dai ka ɗauko kaya daga wani gari ka kai wani. Saboda kawuna suka zaɓe shi, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Tun kafin a haife ni yake tuƙi. Ya yi tirela har bayansa ya gaza, sannan ya koma jan bas ɗin wata makarantar firamare. Kullum da safe sai ya zagaye motar, ya shuri kowace taya, ya goge madubai da hankicinsa, sannan ya yi bismillah ya shiga. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: "Ko kaza ban taɓa takewa ba." Yara na kiransa Baba Direba. 'Yata ma a motarsa take zuwa, kujerar bayansa ce tata.

Tsakanin kai yara da ɗauko su ba shi da abin yi, sai ya zo shagona ya zauna yana shan shayi yana zagin masu buga gem. Ranar da na sayo sitiyari mai birki da totur na ɗaura a tebur, ya taɓe baki ya ce, "Ƙattai da gemu kuna wasan yara." Ya ga wani saurayi ya sha kwana da tirela kamar keke, sai ya kasa haƙuri. "Kai, tashi! Haka ake juya mai dogon jiki?"

Daga ranar ba a sake raba shi da kujerar ba. Sai ka ga tuƙi! Yana sa sigina, yana tsayawa a danja, yana duba madubi kafin ya canza hannu. In wata mota ta yanke shi a cikin gem ɗin sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirya." Samari suna dariya, amma a farkon shekara babu wanda ya kai shi iya shigar da tirela da baya cikin ɗan matsatsen wuri.

Wajen tsakiyar shekara ya fara goge-goge. Yau ya ɗebi turken fitila, gobe ya murƙushe ƙaramar mota a shataletale. Ya ce sitiyarin ne ya saki, na ɗaure. Ya ce talabijin ɗin ya yi duhu, na ƙara haske. Ya ce masu haɗa gem ɗin ba su taɓa riƙe sitiyari ba, motoci kawai suke jefowa daga sama. Samari kuwa abin nema ya samu. Da ya zauna sai su kewaye shi suna jiran ƙarar karo, in ta zo shago ya kaure da shewa. Wani mai bakin tsiya ya raɗa masa suna Baba Hagu, don duk abin da zai buge ta hagu yake zuwa. Ni ma na yi dariyar sunan, kafin na tsaya na ji abin da yake faɗa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana yana tuƙi na kawo masa shayi, na tsaya ta hagunsa na miƙa kofin dab da kafaɗarsa. Ban yi magana ba. Tururi na tashi kusa da kuncinsa, shi kuwa idonsa a buɗe, bai ko motsa ba. Na zagayo ta dama, tun ban ƙaraso ba ya miƙo hannu ya ce, "Yauwa, ɗan albarka."

Da yamma na je gidansa na sami Inna, matarsa, tana ninke wanki. Ina fara magana ta rufe ƙofar ɗaki.

"Yanzu ka lura?" ta ce. "Ni na daɗe da komawa ajiye masa kwano ta dama. Kafaɗarsa duk tabon ƙofa ce."

"Inna, to ai asibiti ya kamata."

"Na ce, ya ce lafiyarsa ƙalau. In likita ya rubuta an karɓe lasisi, me ya rage masa? Mutumin nan ba a cikin gida ransa yake ba, a kan kujerar motar nan yake. Ka bar kaza cikin gashinta, don Allah. Hanyar ai ya haddace ta."

Hanya ya haddace, amma ɗan acaɓar da zai ɓullo daga lungu fa, wa ya haddace shi?

Washegari na ce wa Kawu daga yau ni zan riƙa kai 'yata a babur, wai tana makara. Ya dube ni ya daɗe. Da na koma gida matata ce ta tare ni. "Taka ka cire," ta faɗa tana kwashe kwanuka da ƙarfi, "na mutane kuma su ba uwa ce ta haife su ba?" Na yi mata tsawa, don na san gaskiya ta faɗa.

Na yi ta neman bakin da zan gaya masa. Yaya za ka dubi mutumin da ya goya ka ka ce masa ya gama? Ranar da na yi ƙarfin hali muna mu biyu a shago, na durƙusa na ce, "Kawu, da kun daure mun je an duba idon nan na hagu."

Ya ajiye kofi. "Saboda wasan talabijin? Kai yaro, abin da babba ya hango, ko ka hau rimi ba za ka hango ba. Mota ta gaske da kunne ake tuƙa ta, da jiki. Wannan taka ko iska ba ta da ita." Ya ɗauki makulli ya fita. Na tsaya a ƙofa ina kallon bas ɗin har ya sha kwana, ina jin tsoron da ban taɓa ji ba. Tun daga nan duk jiniyar da ta wuce sai na duba agogo.

Sai ranar zaɓe ta zo. Shago cike, har da masu leƙe ta taga. Hannaye suka tashi wa gem ɗin tirela kamar an haɗa baki, ana ihun "Baba Hagu! Baba Hagu!" Kawu ya ɗauka girmamawa ce. Ya gyara hula, ya zauna gaban babban talabijin, ya ce yau zai nuna wa yara tuƙi.

Ya kuwa nutsu. Ya fita daga gari lafiya, ya bi babbar hanya lafiya, har masu jiran dariya suka fara gundura. Da ya shigo garin da zai sauke kaya, akwai mararraba, danja ta ba shi hannu. Wata farar bas ta fito ta hagu a hankali, kowa a shagon ya gan ta. Wani ya ce, "Baba!" Jikin tirelar ya kwashe ta, ya haɗa ta da bango, ta kife. Da yake hayaniya ta sa na rage ƙarar talabijin, Kawu bai ji komai ba. Ya wuce abinsa, ya sa sigina, ya shiga da baya tsaf, ya ja birkin hannu. Ya juyo yana murmushi.

"Kun gani? Ko ƙwarzane babu."

Babu wanda ya yi dariya. Mai bakin tsiyar nan ma ƙasa yake kallo. Kawu ya duba agogo ya ce yara sun kusa tashi, ya kai hannu tebur wajen makulli, amma na riga shi. Na sa a aljihu.

"Ba ni," ya ce a hankali.

"Ku yi haƙuri, Kawu. Ba zan bayar ba."

A gabansa na kira shugabar makarantar na gaya mata komai. Yana tsaye yana saurare. Da na gama ya ce, "A gaban yara ka tuɓe ni." Ya fita a ƙafa, kafaɗarsa ta bugi ƙofa.

Makaranta ta sallame shi da mutunci, ta ce ya je asibiti. Bai je ba. In na je gaishe shi sai Inna ta fito ta ce yana barci, alhali ina jin tarinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har kuka na yi, amma na ce komai zafin fushinsa dai 'ya'yan mutane suna komawa gida.

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi zan tsallaka, sai ga wata bas ta haya ta taho, cike maƙil da fasinja, kwandasta na rataye a ƙofa. A kujerar gaba wata mata ce da jariri a cinya. Na dubi direban, sai na ga hular Kawu. Lasisinsa yana nan, mai motar kuwa ya sami tsohon hannu da bai taɓa take ko kaza ba.

Na faɗa titi ina ɗaga hannu biyu ina kiran "Kawu! Kawu!" Ta hagunsa nake. Madubin motar ya goge mini riga, ya wuce yana kallon gabansa.