Bodari a Ƙofar Coci

Jama'a, a miƙe tsaye, a cire hula! Ga Orval Stuckey nan tafe, Sarkin Bodarin Nebraska ta yamma, mai bargo ɗaya, mai gwiwa ɗaya da rabi, yayan mahaifiyata.

Shi bai nemi sarautar ba. A rumbun hatsi ya yi aiki har aka rufe rumbun. Wata shekara ya cire wa maƙwabciya bodari daga ƙarƙashin akurki, shi ke nan kowa ya samu lambarsa. Ladansa godiya ce daga nesa, an toshe hanci.

Aikin ba wuya, in ji shi, haƙuri ne kawai. A sa kifin gwangwani cikin keji. In bodarin ya shiga, ka ɗaga bargo gabanka kamar labule, kana tafiyar hawainiya kana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa don ya san inda kake. Ka lulluɓe kejin, ka kai bakin kogi, ka buɗe. Ba ya fesa abin da bai gani ba, sai dai in ya firgita. Sau uku ya firgita a hannun Kawu, kuma kowane karo sai da Kawu ya yi makonni yana kwana a gareji.

Shi ya sa Darlene, 'yarsa tilo, ta kafa masa doka kafin bikinta.

"Baba, wata ɗaya. Ba keji, ba bargo. In ka zo kana wari, wani zai riƙe hannuna ya shiga da ni coci, ba kai ba."

Ya riƙe dokar har safiyar ranar. Sai ga fasto a guje: wani mai karambani ya ɗana keji ƙarƙashin matakalar coci, bodari ya shiga, ga baƙi sun fara isowa.

Kawu ya dubi kwat ɗinsa ta haya, ya yi ajiyar zuciya.

"Dewey, ɗauko bargon."

Na ce, "Kawu, Darlene za ta yanka mu."

"Ni za ta yanka. Kai wa ya san da kai?"

Ya taka a hankali har gaban kejin, ya durƙusa. Nan gwiwar ta ƙi. Ba gaba, ba baya. Bodarin ya fara buga ƙafafun gaba, wutsiya ta miƙe. Kawu bai daina waƙa ba, cikin waƙar ma ya rera mini, "Je ka hana su kaɗa ƙararrawa, shashasha."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na tarar da Misis Pfeiffer mai kaɗa ƙararrawa hannunta kan igiya, na rungume ta, ta kwaɗa mini jaka.

Da na dawo yana nan durƙushe, gumi ya jiƙa kwala. A hankali wutsiyar ta kwanta. Ya sauke bargon kan kejin. Mu biyu muka ɗaga shi, sannan muka ɗaga kejin.

Darlene ta shinshina shi tun daga wuya har aljihu kafin ta ba shi hannu. Ya shiga da ita yana ɗingishi.

Wajen cin abinci na same shi ya cire takalmi ɗaya.

"Kawu, yau ka shiga tarihi! Gunkinka za a kafa a tsakiyar gari!"

Bai ko ɗago ba.

"Bodarin nan mace ce, tana shayarwa. 'Ya'yan na ƙarƙashin matakala. Miƙo min gishiri."