Kawu Ilu da Garin da Ruwa Ya Ci

Duk wanda ya san Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya isa bakin dam ɗin nan namu da takalmi a ƙafa. Sai ya tuɓe, ya rafka sallama, ya tsaya jiran a amsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa dam ba. Kanya yake cewa, sunan garinmu da ruwan ya cinye tun muna yara.

Ran nan muka shiga kwalekwalen Sale za mu haye cin kasuwa. Muna tsakiyar ruwa Kawu ya daka tsawa: "Kai Sale, karkata! Ta cikin gidan Liman za ka ratsa da ƙarti, da matan aure a ciki?"

"Baba, ruwa ne fa ko'ina."

"A wurinka ba, da yake a kan tudu aka haife ka."

Haka muka yi ta bin lungunan da shi kaɗai ke gani. Ko da muka isa, kasuwa ta watse!

Kifi kuwa, ko ƙanshinsa. Matata ta taɓa kai masa farfesun tarwaɗa, ya buɗe kwano ya rufe. "Mayar, 'yar nan. Wannan a kan kabarin babana ya yi ƙiba." Muka yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi.

Sai wani attajiri ya zo ya kewaye bakin ruwan da waya, ya gina wurin shaƙatawa da ɗakunan baƙi. Wayar ta haɗa har da tudun tsamiya, ɗan abin da ya rage na Kanya, inda Kawu ya daɗe yana mana wasiyya a binne shi. Da ya je, maigadi ya tare shi: "Baba, tikiti."

"Tikitin me? Gida na zo!"

Tun daga ranar ya kafa zama a bakin ƙofa, yana ɗura wa baƙi tarihin Kanya ko sun so ko sun ƙi, su kuma suna ɗaukarsa hoto. Manaja ya ga abin na jawo mutane, ya fito da fara'a. "Baba, mu ɗinka maka babbar riga, ka shigo ciki ka riƙa ba su labari."

"Ba riga nake so ba, yaro. Tsawona kawai za ku auna mini a gindin tsamiyar can."

"An gama, Baba!"

An gama ɗin ƙarya. Ranar da ya rasu ni na je da ƙafata. Manaja ya yi mini ta'aziyya mai daɗi, sannan ya ce baƙi ba sa son ganin kabari, kuma ma an riga an zuba siminti a wurin. A sabuwar maƙabarta ta bakin titi muka kai shi, inda ko ruwan ba a hangowa. Har yau abin na ci mini rai.

Da Sallah yarana suka matsa na kai su wurin shaƙatawar. A gindin tsamiyar ake gasa kifi yanzu. Sama da murhun an rataye ƙaton hoton Kawu, hayaƙi na bugunsa, an rubuta: Kifin Baba Ilu. Mutumin da bai taɓa sa shi a baki ba! Na ja yarana muka fito.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka. Allah ya sada ka da mutanen Kanya a gidan da in ka yi sallama za a amsa.