Buhunan da Suka Riƙe Bangon Shagona

"Alhaji, kada ka taɓa buhun nan!"

Malam Sani, mai gyaran gine-ginen da ruwa ya ɓata, shi ya daka min tsawa. Ambaliya ta shiga shagona na hatsi a Birnin Gwari, ina gaggawar fitar da masara in shanya.

Na ce, "Ta fara tsiro fa!"

Ya soka yatsa a tsagar filasta, ya zaro taɓo. "Siminti a waje ne kawai, ƙasar ciki ta narke. Buhunan nan ke riƙe da bangon. Fito a hankali."

Sai da shi da yaransa suka tokare bangon da katako muka ɗaga buhu ɗaya.

Masu ginin ƙasa, yaushe rabonku da duba gindin bangonku?