Ranar da Suka Keta Dangarmu

Babur ɗin da Baba yake acaɓa da shi bai gama zama nasa ba. Wani Alhaji mai shagon babura a Ƙanƙara ne ya ba shi, a kan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da mutane suka rage bin hanyar daji, aiki ya ja baya, biyan ma ya tsaya. Sai Baba ya daina kwantar da babur a zaure, ya koma shigo da shi gindin rumbu, inda baƙon namiji ba ya takawa.

Lokacin ina ƙaramar sakandare a Ketare. Ni ce wadda malamai kan ce wa ta ɗaga murya ko amsa suna za ta yi.

Wata Asabar da hantsi, Baba yana gona, ina tsintar wake, Inna ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji. Sai muka ji kara yana karyewa ta bayan gida. Ƙanin Alhajin ne da wani ƙato, suka keta danga suka faɗo tsakar gida. Inna ta durƙusa ta jawo tabarma ta rufe kafaɗunta. Ƙanin Alhajin ya tsaya ya ƙare mata kallo, yana sakace da tsinken ashana.

"Uwar gida, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Kayanmu muka zo ɗauka. Kallon kyauta ne."

Suka tura babur ta kan shanyar barkono suka fice.

Baba ya ce a bar wa Allah, tunda ana bin mu. Kawu, yayan Inna, ya ce bai yarda ba. "Bashi daban, keta gida daban. Mai bin bashi kotu yake zuwa. In ta ba shi gaskiya, ma'aikacinta ke zuwa ya yi sallama a ƙofa. Ba wanda ke da ikon faɗa wa gidan mutum ya ƙwata da hannunshi." Ya shigar da ƙara, ya ce kada a gyara dangar sai an zo an gani.

Ni aka bar wa gadin wurin saboda awaki. Masu wucewa kan rage tafiya su leƙa. Inna ta daina fitowa tsakar gida, girki ma a ƙofar ɗaki take yi, ta juya baya. Ina zaune a bakin ɓarakar nan ina shirya wa mutumin masifu: kunama a takalmi, ƙaya a ido, ciwon haƙorin da ba ya jin magani.

Ranar shari'a Inna ta ce ba za ta sake tsayawa gaban idonsa ba, sai aka tafi da ni. Ƙanin Alhajin ya rantse dangar a faɗe ya same ta, kuma ba kowa a tsakar gida.

"Ɗiyata, mi kika gani?" in ji alƙali.

Na saci kallon mutumin, na ga murmushi yake yi, ya tabbata ba zan iya ba. Sai na faɗa. Na faɗi ƙafar da ya fara sako wa, da wuƙar da ƙaton ya yanke tankar da ta ɗaure dangar da ita, na kuma maimaita maganarsa ga Inna yadda ya yi ta, har da jan muryar. Wani dattijo a baya ya yi salati. Alƙali ya ce a mai da babur inda aka ɗauke shi, a gyara danga, in Alhaji yana da haƙƙi ya shigar da tasa ƙarar.

Ya kuwa shigar daga baya, ya kuma samu. Baba da kansa ya tura babur ɗin ƙofar gida ya miƙa. Wannan bai ci mini rai sosai ba.

Amma kafin nan akwai ranar gyara. Alhaji ya ji haushin kunyar da aka jawo masa, ya ce ƙanin ya gyara da hannunsa. Ya zo da damin kara, rana ta take, gumi yana bin gemunsa, igiya ta yanka masa yatsa. Baba ya ce in kai masa ruwa, ko maƙiyi ba a hana shi. Na cika moɗa daga randa, mai sanyi. Na je gabansa, ya miƙo hannu, na juya na tsiyaye wa agwagi a kaskonsu.

"Ke yarinya, ba ki da imani?"

Na ji motsin labule, na ɗauka faɗa za a yi mini. Inna ce ta fito da mayafinta da tsintsiya. Ta fara shara tun daga ƙofar ɗaki, a hankali, tana koro ƙurar wajen da yake tsugune.