Verna Tuckett Ta Zaɓi Dutsen Sarƙa

Shekara talatin da ɗaya Verna Tuckett ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a kudancin Utah. Doguwar mace ce mai kakkausar murya, a garinsu babu yaron da bai taɓa shan tsawarta ba. Mijinta Orval ko tsani ya taka sai jiri ya ɗebe shi, don haka duk zamansu maganar hawan dutse a baki ta tsaya. Bayan ya rasu aka yi mata aikin ƙugu. Tana warkewa, tana da shekara sittin da takwas, ta shiga ƙuri'ar neman izinin hawa duwatsu biyu: Half Dome can California, da Angels Landing nan kusa da gida. Duka biyun suka faɗo mata, kuma a mako guda.

Ɗanta Dwight ya zo cin abincin Lahadi ya tarar da takardun a kan tebur.

"Mama, wannan kuma fa?"

"Zaɓi nake yi. Na California tafiyar yini ce cur, a ƙarshe ka kama igiyar ƙarfe ka ja jikinka sama. Ɗayan gajere ne, amma hanyar siririya, rami hagu rami dama, sai sarƙa."

"Ga na uku: ki zauna a gida. Da ƙarfe a ƙugunki!"

"Ƙarfen nan ya fi ƙashinka ƙwari. Kuma ni ban ga sunanka cikin masu ba da izinin ba. Miƙo mini gishiri."

Ba ta yaudari kanta ba. Ta gwada doguwar tafiya sau biyu a bayan gari, gwiwarta ta gaya mata gaskiya: yini guda a kanta ba zai yiwu ba. Amma tsoron rami, wannan ba ta san shi ba. Ta ajiye takardar California, ta ɗauki ta sarƙa. Dwight ya rantse sai ya bi ta, wai don ya dawo da ita idan ta karaya.

Ranar tafiyar, da safe suka kama hanya. A inda sarƙar ta fara, wani saurayi cikin kayan hawa sabbi fil ya dube ta ya yi murmushi. "Kaka, a nan ake tsayawa a ɗauki hoto."

"To tsaya ka ɗauka, ɗana. Matsa mini."

Ta kama sarƙa tana takawa a hankali, iska na kaɗa mata hula. Suna kai wa inda hanyar ta fi tsukewa ta ji shiru a bayanta. Ta waiwaya. Ga Dwight, ƙato ɗan shekara arba'in da biyar, ya rungume sarƙa, gumi na zuba, mutane sun yi layi suna jira.

"Mama, ƙafata ta ƙi."

"Kalli takalmina. Na ce takalmina, ba ƙasa ba! Ɗaga ta hagu."

Taku ɗaya ɗaya ta komar da shi har fili, ta zaunar da shi ƙarƙashin wata bishiya, ta danƙa masa ruwa da burodi.

"Mu tafi gida kawai," in ji shi.

"Kai dai zauna nan. Kar ka motsa."

Ta juya ta sake kama sarƙar ita kaɗai. A sama ba ta wuce minti goma ba. Ta ci tuffa guda, ta leƙa kogin da ke can ƙasa kamar zare, ta sauko. Gwiwar ta kumbura, sai da ta yi mako tana ɗora mata ƙanƙara, ba wanda ya ji ta yi ƙorafi.

A hanyar gida ita ta tuƙa motar. Dwight ya juyo ya dube ta. "Don Allah kar matata ta ji."

"Ka makara," in ji Verna. "Tun daga kan dutsen na kira ta."